Ramin Bayan Gida

Ranar da kuɗin sallama suka faɗo ban sayi rago ba,
kwano na sayo, bandir biyu, tsohon cirewa
daga wani shago da aka rushe a Sabon Gari,
kowane falle da hujin ƙusar wani.
Barau magini ya ɗaga ɗaya, ya leƙi rana ta cikinsa,
ya ce, “Malam, ai rariya ka sayo.”
Na ce, “Auna mini taku goma sha biyu
daga bangon madafa zuwa gindin gwaiba.”

Filin na Kande ne, nan take shanya kuɓewa.
Ba ta ce a'a ba, ba ta ce to ba,
ta naɗe tabarmarta ta hau soro da ita,
sai dai miya ta yi yaji kwana uku.

Fijon mahaifina ce sanadi.
Shekara goma sha tara tana durƙushe kan duwatsu,
kaza ta yi ƙyanƙyasa a kujerar direba,
tsatsa ta ci ƙofa kamar gara ta sami zana.
Mai gwangwan ya zo sau huɗu da sikelinsa,
yana taya ta kilo-kilo, sai ka ce goro.
Na ce masa wadda ta kai uwata asibitin Wusasa
cikin ruwan Agusta, ina ciki ina harbi,
ba ta hawa sikeli.

Muka kafa azara shida, muka ɗaura katako.
Teburin aiki ƙyauren zaure ne da aka canja.
Gwangwanin madara goma sha ɗaya a jere:
noti daban, wasa daban, filogi daban,
na ƙarshe na abin da ban san sunansa ba tukuna.
Sifana kowace da ƙusarta a bango,
na zana siffarta da alli,
don in ta tafi aro in san wadda ta yi yaji.

Saura rami, inda mutum zai tsaya ƙarƙashin mota
ba tare da ya kwanta kamar mai neman gafara ba.
Barau ya sa diga. Kamu ɗaya, kamu biyu,
a na biyar ƙasa ta canja murya,
shebur ya fito da baƙi mai ratsin shuni.
Muka durƙusa. Baki ne zagayayye, daɓaɓɓe da katsi,
rijiyar rini, ta wani da ya riga kakana zama nan.
Ashe gidan nan ya taɓa sana'a.
Ashe wani ya tsaya daidai inda nake,
hannu baƙi har gwiwa,
yana tsoma tsohuwar riga ta fito sabuwa.

Barau ya ce a cike. Na ce a yashe.
Muka faɗaɗa gefe guda, muka yi matakala uku,
ɗayan gefen na bar wa mai shi.

Yanzu in an yi la'asar nakan sauka,
jikata Uwani tana riƙe da tocila daga sama,
tana haska ko'ina ban da inda nake so.
Ta iya bambanta sifana sha uku da sha huɗu,
abin da ubanta har yau bai iya ba.
Baƙin mai na ɗiga kan tsohon shuni,
ba su yi faɗa ba.

Jiya na wanke kabureta, na aro batir wurin Ɗanladi,
na ce bismillah, na murɗa makulli.
Ta yi tari. Sau ɗaya. Ta yi shiru.
Kande ta leƙo daga soro da kuɓewa a hannu,
ta ce, “Wa ya yi magana?”

Kwanon yana yoyo wuri bakwai,
na tara roba a biyar.
Gobe zan shiga kasuwa neman bel ɗin fanka.